Daga San Pedro zuwa Moca: yadda ƙwallon ƙafa ke neman fili a ƙasar besbol

Filin jirgin saman Las Américas yana gabas da Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominikan, kuma daga bakinsa hanya ta rabu biyu. Wanda ya yi yamma zai shiga birni, wanda ya yi gabas kuwa zai bi ta Boca Chica ya faɗa San Pedro de Macorís, garin rake mai nisan kusan kilomita 70 daga babban birnin. Ni da gabas na fara, domin mai son sanin halin da ƙwallon ƙafa ke ciki a ƙasar nan sai ya fara ganin abin da take gogayya da shi.

Besbol wasa ne na mutum tara-tara. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya make ta da sanda, sannan ya zagaya tashoshi huɗu da gudu ya dawo inda ya tashi kafin a tare shi. 'Yan Kyuba ne suka kawo shi tsibirin a ƙarshen ƙarni na 19, ya yi saiwa a masana'antun sukari na gabas. A yau duk ƙungiyoyi 30 na babbar gasar Amurka, wato MLB, kowacce tana da makarantar horar da yara a ƙasar, da yawansu a wannan hanya ta Boca Chica zuwa San Pedro. Daga titi ana hango su: dogon shinge, ciyawa kore shar, filaye biyu ko fiye a jere, ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 11, amma a farkon kowace kaka 'ya'yanta kusan ɗari ne ke cikin jerin 'yan wasan MLB. A 2013 ta ɗauki kofin besbol na duniya ba a doke ta ko sau ɗaya ba cikin wasa takwas. A Disambar 2024 ɗanta Juan Soto ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15 da New York Mets. Idan aka raba, dala miliyan 51 ke nan a shekara. Abin da FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa a shirinta na Forward, daga 2023 zuwa 2026, bai wuce dala miliyan 8 ba, na shekara huɗun gaba ɗaya.

Kuɗin Soto ba su ne suka fi ɗaure ɗan talaka ga besbol ba. Abin da ya ɗaure shi shi ne hanyar a fili take, kowa ya san matakanta. Yaro yana shekara 11 ko 12 wani mai horarwa mai zaman kansa, wanda suke kira buscón, zai ɗauke shi ya riƙa ciyar da shi, ya saya masa takalmi da safar hannu, wani lokaci har da wurin kwana. Ranar gwaji a auna gudunsa a yadi 60, wato kusan mita 55, a sa na'ura ta auna ƙarfin jifansa. Mai jifan da ya doshi kilomita 145 a awa tun yana ƙarami ya shiga idon masu farauta. Yana cika 16 yana iya sa hannu, kuma tun 2021 ranar 15 ga Janairu ake buɗe ƙofar ɗaukar. A nan take ake biyan kuɗin sa hannu, buscón ya zare kasonsa, wanda sau da yawa yakan kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye. Mafi yawan yaran ba sa kai wa ko'ina, ana sallamar su suna 18 ko 20, karatu ya riga ya wuce su. Duk da haka uwa ta ga gidan siminti da ɗan maƙwabciyarta ya gina da kuɗin sa hannu, don haka ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani.

Dokar ƙwallon ƙafa akasin haka take. Sashe na 19 na dokokin sauya sheƙa na FIFA ya hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai da wasu dalilai kaɗan, kamar iyaye su ƙaura don wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Dokar tana da kyau, yara take karewa. Amma a idon iyalin da ke jiran abin sawa a tukunya, wasa ɗaya yana biya a 16, ɗayan yana cewa a jira shekara biyu, kuma ko an jira babu tabbas. A ganina wannan tazarar ita ce babbar katangar da ke gaban ƙwallon ƙafa a ƙasar.

A lungunan San Pedro na ga vitilla, wasan da ke rainon idon ɗan besbol. Murfin robar babbar gorar ruwa ake jefowa, a make shi da sandar tsintsiya. Murfin yana karkacewa a iska yadda ya ga dama, yaron da ya saba samun sa da siririyar sanda ƙwallon gaske ba za ta ba shi wahala ba. Ba a sayen komai, ba a neman fili, mutum uku ma sun isa. A wasu ƙasashe ƙwallon ƙafa ce ke da wannan gata na zama wasan da ba ya cin ko kwabo. A nan an riga ta zama a gurbin.

Santo Domingo ta nuna mini ɗaya fuskar. Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2009, yana sauke mutum kusa da Centro Olímpico, inda filin wasa na Félix Sánchez yake. An sa masa sunan ɗan tseren nan da ya ci zinare a gudun tsallake shinge na mita 400 a Olamfik na 2004 da na 2012. Fili ne na guje-guje tun asali, hanyar tsere ta kewaye ciyawar, shi ya sa ɗan kallo ke nesa da wasan. A kewayensa da yamma za ka ga yara cikin jesin Real Madrid da Barcelona, iyaye sun kawo su a mota sun zauna suna jira. Yawancin makarantun ƙwallon birnin na kuɗi ne, wata-wata ake biya, ban da jesi da takalmi da kuɗin motar zuwa gasa. Wato a besbol mai horarwa ne ke kashe wa yaro kuɗi, a ƙwallon ƙafa kuma uban yaro ne ke biyan mai horarwa. Shi ya sa a babban birni tamaula ta fi kama 'ya'yan masu hali da ɗaliban makarantun kuɗi.

Talabijin da waya sun taimaka ƙwarai, har da bambancin lokaci. Ƙasar tana bayan Najeriya da awa biyar, don haka wasan Gasar Zakarun Turai da muke kallo da dare, su da ƙarfe uku ko huɗu na yamma yake zuwar musu, daidai an tashi daga makaranta. Harshensu Sifaniyanci ne, sharhin La Liga kai tsaye yake shiga kunnensu. Kantin unguwa da suke kira colmado, mai talabijin a saman kanta da kujerun roba a waje, shi ne gidan kallon ƙwallonsu. Daga Oktoba zuwa Janairu dai ba mai taɓa tashar, lokacin gasar besbol ta cikin gida ne, ta ƙungiyoyi shida, kuma idan Tigres del Licey ta haɗu da Águilas Cibaeñas gari kan tsaya cak.

Matsalar fili ita na fi daɗewa ina dubawa, domin kusan kowane ƙauye yana da filin besbol, filin ƙwallo kuwa sai an nema. Dole ake aro, kuma aron yana da ƙa'idojinsa. Filin besbol siffar mafici gare shi: tsukakke a inda mai sanda ke tsayawa, yana buɗewa zuwa shinge. A na ƙwararru, shingen yana kusan mita 100 ta gefe biyu, kusan 120 ta tsakiya, na unguwa kuwa bai kai haka ba. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne da 68. Idan aka shimfiɗa shi a ciki, ko dai a rage faɗin ya koma kusan 60, ko kuma gefe ɗaya ya hau kan jar ƙasar da ke tsakanin tashoshi. Doka ta yarda da faɗi daga mita 45 zuwa 90 a wasan gida, amma wasan ƙasa da ƙasa sai 64 zuwa 75.

Abubuwa huɗu ne ke jawo rauni a irin wannan fili. Akwai tudun mai jifa, mai tsayin santimita 25, wanda ke mita 18 da 'yan kai daga wurin mai sanda. Ba a rushe shi don masu filin ba za su yarda ba, sai dai a ja layi nesa da shi. Akwai bakin da ciyawa ta haɗu da jar ƙasa, inda ƙasa ke taruwa ta yi ɗan tudu, nan idon sawu ke gocewa. Akwai ramukan ƙarfe da ake soke tashoshi a ciki, waɗanda idan an cire tashar sai a toshe su da murfin roba a rufe da ƙasa. Sai ita jar ƙasar kanta: da rani ta yi tauri ƙwallo ta riƙa tsalle, ƙusoshin takalmi ba sa kamawa, da ruwa kuma ta zama santsi. Masu horarwar da suka san aikinsu ba sa ma gwada sha ɗaya-sha ɗaya. Ciyawar waje kawai suke ɗauka su yanka ta gida biyu, kowanne kamar mita 55 da 35, a yi bakwai-bakwai. Turakun raga na ɗauka-da-ajiyewa ne, kuma dole a danne bayansu da buhunan yashi ko a kafe su, domin yaro ɗaya ya yi lilo a sandar sama ya isa ya kifo ta a kansa. Sannan lokaci ma na aro ne. Masu besbol sun riƙe safiya da la'asar, 'yan ƙwallo sukan samu tsakar rana ko bayan faɗuwar rana, a filin da sau da yawa ba fitila.

Daga Santo Domingo zuwa Santiago de los Caballeros kusan kilomita 155 ne ta babbar hanyar Duarte, awa biyu da 'yan mintoci a manyan motocin Caribe Tours ko Metro. A riƙe rigar sanyi, na'urar sanyaya motar ba ta wasa. Hanyar tana bi ta Bonao da La Vega, ta cikin tsaunuka da gonakin shinkafa, har ta sauka kwarin Cibao, wanda shi ne cibiyar ƙwallon ƙafar ƙasar duk da cewa nan ne gidan Águilas.

Filin Cibao FC yana cikin harabar jami'ar PUCMM. Ƙarami ne, amma don ƙwallo aka gina shi, babu hanyar tsere, ɗan kallo yana jin numfashin ɗan wasa. Mutum dubu uku a nan sun fi dubu uku a Félix Sánchez amo nesa ba kusa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gasar da ke neman masu tallafi, domin hoton talabijin na fili a cike shi ke sayar da ita. Ɗan kasuwa Manuel Estrella, mai kamfanin gine-gine, shi ke jagorantar ƙungiyar. An kafa hukumar ƙwallon ƙasar tun 1953, ta shiga FIFA a 1958, amma gasar ƙwararru, LDF, sai a Maris na 2015 ta fara da ƙungiyoyi goma. Atlético Pantoja ce ta ɗauki kofin farko. A shekarunta na farko an tsara kakar ta fara a Maris, bayan an gama besbol na hunturu, don kada a yi rabon 'yan kallo da wanda ya fi ƙarfi. Cibao ta ci kofin ƙungiyoyin yankin Karibiyan a 2017, Pantoja ta ci a 2018. A farkon 2018 ɗin Cibao ta haɗu da Chivas ta Meziko a gasar zakarun Concacaf, hukumar ƙwallon Arewacin Amurka da Tsakiyarta da Karibiyan, aka yi mata 7 da nema gida da waje, abin da ya nuna tazarar da ke tsakanin zama gwani a tsibirai da zama gwani a nahiya. A cikin gida kuwa ta ɗauki lig a 2018, sannan ta jera 2021 da 2022 da 2023. Ƙarfin ƙungiya ɗaya yana ɗaga sunan ƙasa a waje, amma yana rage wa gasa armashi, kuma ƙungiyoyi da dama da aka fara da su sun sha fama da kuɗi, wasu sun fice. A 2018 ma sai da FIFA ta dakatar da shugaban hukumar ta naɗa kwamitin riƙo, aka yi sabon zaɓe a 2020.

Wanda zai gina irin wannan fili a ƙasa mai zafi da ruwan sama yana da zaɓi biyu, kowanne da kuɗinsa. Ciyawar gaske a fili mai murabba'in mita 7,140, idan za a ba ta ruwa milimita 5 a rana da rani, lita 35,700 ke nan kullum. Tana son aski sau biyu ko uku a mako, tsayinta ya tsaya wajen santimita 2 zuwa 3, tana son gangare na kusan kashi ɗaya cikin ɗari da bututun tsotse ruwa a ƙarƙashi, domin daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, ruwan awa ɗaya kan mai da fili tafki. Kuma ba ta jure a taka ta safe da yamma kullum. Ciyawar roba tana ɗaukar ƙungiyoyi goma a rana, shi ya sa makarantu suka fi son ta. Illarta zafi: da tsakar rana samanta kan wuce digiri 60, tafin ƙafa ya yi bororo, don haka ake yayyafa mata ruwa kafin wasa. Ƙananan ƙwayoyin roba da ke tsakanin zaren suna gudu zuwa gefe, musamman a gaban raga da wurin bugun fenareti. Idan ba a share ta da burushi ana mayar da su ba, zaren ya kwanta, filin ya yi tauri, gwiwa ta fara ciwo. Bayan shekara takwas zuwa goma a canja shimfiɗar gaba ɗaya, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ba a tara kuɗin canjin tun ranar buɗewa.

Mu a Najeriya mun san 'yan ƙwallon ƙasar nan ido da ido. Ranar 21 ga Mayun 2023, a Mendoza ta Ajantina, Flying Eagles ta Ladan Bosso ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da su. Su suka fara cin mu da fenaretin Edison Azcona, sai ɗan bayansu ya ci gida, Samson Lawal ya ƙara ta biyu bayan hutun rabin lokaci, aka tashi 2 da 1. Wannan ne karonsu na farko a kowace irin gasar kofin duniya ta FIFA. Tikitin sun same shi ne a Honduras a 2022, inda suka fitar da El Salvador da ci 5 da 4, suka doke Jamaika 1 da nema, suka wuce Guatemala a bugun fenareti, kafin Amurka ta yi musu 6 da nema a wasan ƙarshe. Wannan tafiyar ce kuma ta kai su Olamfik na Faris a 2024 ƙarƙashin Ibai Gómez, tsohon ɗan wasan Athletic Bilbao: canjaras ba ci da Masar, rashin nasara 3 da 1 a hannun Sifaniya wadda ta ɗauki zinaren, sai kunnen doki 1 da 1 da Uzbekistan. A Oktoba da Nuwamban shekarar suka karɓi baƙuncin gasar duniya ta mata 'yan ƙasa da 17 a filayen nan biyu, Félix Sánchez da na Cibao. Flamingos, tawagar 'yan matan Najeriya, ta faɗa rukuninsu, da kyar ta ci su 1 da nema daf da tashi, daga baya Amurka ta fitar da ita a kwata fainal, Koriya ta Arewa ta ɗauki kofin. Ga 'yan mata gasar ta yi amfani na musamman, domin besbol ba ta da wata hanyar kuɗi da ta buɗe wa mace, a nan tamaula da ƙwallon raga kawai take gogayya. A 2025 kuma babbar tawagar maza, ƙarƙashin Marcelo Neveleff, ta je Gold Cup, gasar ƙasashen Concacaf, karo na farko, ta sha kashi 3 da 2 a hannun Meziko bayan ta ba ta wuya.

Sai dai a duba inda 'yan wasan suka koyi ƙwallo. Junior Firpo a Santo Domingo aka haife shi, amma yana ƙaramin yaro aka kai shi Malaga, a Betis ya zama ƙwararre, ya buga wa matasan Sifaniya kafin ya dawo wa ƙasar haihuwarsa. Mariano Díaz, wanda ya yi Real Madrid, a Sifaniya aka haife shi. Akwai wasu daga Amurka da Jamus da Italiya. Dokar Sifaniya tana ba 'yan ƙasashen Latin Amurka damar neman zama 'yan ƙasa bayan zaman shekara biyu bisa ƙa'ida, shi ya sa 'ya'yan masu ci-rani suka cika makarantun ƙwallon can. Wasu sun kuɓuce, kamar Alejandro Balde na Barcelona, wanda mahaifiyarsa 'yar Dominikan ce amma ya zaɓi Sifaniya. Ɗauko 'ya'yan waje dabara ce mai kyau kuma halal, sai dai sakamakon da take kawowa yana iya rufe idon hukuma daga abin da ba a yi ba a gida.

Abin da ake yi a gida, a Moca na gan shi. Gari ne na manoman ayaba da rogo da masu kiwon kaji, kimanin rabin awa daga Santiago a ƙaramar bas da suke kira guagua, daga tasha kuma ɗan acaɓa ya ƙarasa da kai. 'Yan ƙasar da kansu suna kiran Moca mahaifar ƙwallon ƙafarsu. Makarantun limaman Katolika na Don Bosco sun daɗe suna sa yara tamaula a yankin, kuma daga nan Jonathan Faña ya fito, wanda ya daɗe yana riƙe da tarihin yawan ƙwallaye a tawagar ƙasa. A Moca ne kawai na ga yara suna buga ƙwallo a titi ba koci ba usur, da duwatsu biyu a matsayin raga, kuma tsofaffin da ke gefe suna gardamar satar gida da sani.

Bambancin yana fitowa a taɓawar farko. Yaron da ya zo daga besbol yana shekara 13 yakan zo da gudu da ƙarfin kafaɗa da iya karanta ƙwallo a sama, shi ya sa da yawansu ke dacewa da tsaron raga. Amma idan aka turo masa ƙwallo a ƙasa sai ta yi tsalle mita biyu daga ƙafarsa, kansa a sunkuye, ƙafar hagu kuwa ta hawa mota ce kawai. Besbol wasa ne na tsayawa da fashewa da gudu na daƙiƙa kaɗan, kowa da gurbinsa. Tamaula tana son mutum ya riƙa motsi ba ƙwallo a ƙafarsa, yana waiwaye kafin ta iso. Ana koyon wannan tsakanin shekara 6 da 12, kuma maganinsa ba ya buƙatar babban fili: uku-uku a mita 20 da 15, huɗu su kewaye ɗaya a murabba'in mita 8 da taɓawa biyu, bugun bango da ƙafa biyu na minti goma kullum. Ƙwallo lamba 3 ga 'yan ƙasa da takwas, lamba 4 zuwa shekara 12, lamba 5 bayan nan. Na ga wuraren da ake ba 'yan shekara bakwai lamba 5 mai iska tam don ita kaɗai ake da ita, yaran suka koma bugu da tsinin yatsa saboda nauyi. Na kuma ga koci ɗaya da yara talatin a layi, kowa yana jiran ya buga sau ɗaya ya koma baya, tsarin da aka kwaso daga atisayen besbol. Raba su gida biyar da ƙwallo biyar ya fi, ko da manyan yara ne za su kula da ƙananan.

Akwai kuma yaran da ƙwallo ke jininsu amma takarda ta tare su. Ƙasar tana raba tsibiri ɗaya da Haiti, wadda ta buga kofin duniya tun 1974, kuma a unguwannin ma'aikatan rake da ake kira batey, 'ya'yan 'yan Haiti tamaula suke bugawa. 'Yan Haiti irin su Charles Hérold sun yi suna a Cibao FC. Amma hukuncin kotun tsarin mulki na 2013 ya cire wa dubban waɗanda aka haifa a ƙasar, iyayensu ba su da takardun zama, matsayin ɗan ƙasa, kuma dokar da aka yi a 2014 don gyara ba ta warware wa kowa ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya samun rajista, wanda ba shi da rajista ba ya buga gasar hukuma balle tawagar ƙasa.

Rajistar nan ita ce kuɗin da ƙananan makarantu ke zubarwa ba su sani ba, kuma a wannan gaɓar masu makarantun ƙwallo na Kano da Kaduna da Jos su ma su saurara. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 5 na wannan kason, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 10. Misali an sayar da shi Yuro miliyan 2: kason raino Yuro 100,000 ne, makarantar da ta riƙe shi shekara huɗun farko tana da 20,000, kuma haka za a yi duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin. Tun 2022 ofishin biyan kuɗi na FIFA ke tantancewa ta na'ura, yana bin tarihin rajistar ɗan wasa. Idan makaranta ba ta da alaƙa da hukuma, ko an rubuta sunan yaro iri biyu, ko an taɓa ranar haihuwa, shekarun nan za su fito fanko, kuɗin su wuce ta. Wannan wani abu ne da ƙwallon ƙafa ke da shi mai kama da kason buscón, kuma shi zai iya sa mai horarwa ya ɗauki ɗan talaka kyauta.

Ga mai niyyar zuwa daga Najeriya, hanya mafi sauƙi ta Madrid ce, daga can awa takwas zuwa tara kai tsaye. Fasfon Najeriya yana buƙatar bizar ratse ko da ba za a fita daga filin jirgin Turai ba, a nemi wannan tun kafin a sayi tikiti. Ana cike fom ɗin shiga da fita na ƙasar a intanet kafin tashi. Wutarsu 110 ce da soket irin na Amurka. Abincin rana shinkafa da wake da nama ne, na safe kuma kirɓaɓɓiyar ayaba da suke kira mangú, wadda ake haɗawa da soyayyen salami, don haka Musulmi ya tambaya kafin a zuba, naman alade yana shiga har cikin wake. Kifi da ƙwai sun fi kwanciyar hankali. Akwai masallacin Al-Noor a Santo Domingo inda ake Juma'a. Jadawalin LDF yana sauyawa daga kaka zuwa kaka, a duba shafin gasar kafin a tsayar da rana, kuma wanda ya zo tsakanin Oktoba da Janairu ya ware dare ɗaya ya shiga filin Quisqueya na Santo Domingo ko Estadio Cibao, filin Águilas a Santiago, ya kalli besbol, ya sayi tikiti da wuri idan Licey da Águilas ne.